Kifin da ke haihuwa, da wahalar rainon 'ya'yansa a Kaduna

Kifayen da muka taso muka sani duk ƙwai suke zubawa, tarwada haka, karfasa haka. Yayana yana ƙyanƙyasar tarwada a wajajen Mando, kuma na sha ganin irin ɗawainiyar da ake yi: a yi wa mace allura, a jira ƙwan ya nuna, a matse shi a kwano, a yanka namiji a ciro maniyyinsa a gauraya. Shi ya sa da mai sayar da kifin ado ya nuna mini wani ɗan mitsitsi mai wutsiya kala-kala ya ce wannan haihuwa yake yi, ɗan ya fito da ransa yana iyo, sai na ɗauka daɗin bakin 'yan kasuwa ne. Ashe gaskiya ya faɗa, sai dai rabinta. Haihuwar ba ta buƙatar kowa. Abin da bai faɗa ba shi ne duk aikin yana bayanta.

Gofi ake ce masa. Asalinsa ƙoramun Benezuwela da Guyana da tsibirin Tirinidad ne, a Kudancin Amurka. Wani Bajamushe, Wilhelm Peters, ya rubuta bayaninsa a 1859, sannan Robert Lechmere Guppy ya aika da samfurinsa daga Tirinidad zuwa Landan a 1866. 'Yan uwansa da ake samu a shagunan garin nan, wato moli da filati da mai takobi, daga Meziko da Amurka ta Tsakiya suka fito, kuma su ma haihuwa suke yi. Dukkansu 'yan ƙasar ɗumi ne, ba su san hunturu irin namu ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni aiki daga baya.

Kafin kifi, gida. Mai aluminiyam na unguwarmu ya yanka mini gilashi, tsawo santimita 60, faɗi 30, zurfi 30, abin da zai ɗauki lita 54 ke nan. Ya liƙe shi da silikon zalla, domin wanda ake sa wa banɗaki akwai maganin fumfuna a ciki, kuma guba ne ga kifi. Teburin ƙarfe kuwa a Panteka maigidana ya sa aka yi walda, don kowace lita kilo ɗaya ce, teburin falo ba zai ɗauka ba. Na sayi ƙaramin injin iska da matacin soso, irin wanda kumfar iska ke jawo ruwa ta cikinsa. Ga mai niyyar raino wannan matacin ne kawai ya dace. Matatai masu injin jan ruwa a ciki zuƙe jarirai suke yi.

Ruwan famfo na bari ya kwana a bokiti a buɗe, kulorin ɗin, wato maganin da ake sa wa ruwan famfo, ya fice. Na burtsatse ba shi da kulorin, amma da na gwada namu da takardar gwaji sai na ga ya ɗan karkata wajen tsami, kuma ba shi da sinadarin kalsiyam sosai, alhali waɗannan kifaye sun fi son ruwa mai shi, musamman moli. Gwaggona, ƙanwar mahaifina da ke zaune tare da mu, ta ce, "'Yar nan, in tsami ne ai kanwa za ki jefa." A tukunya tana da gaskiya. A tanki kuwa kanwa tana juya ruwa farat ɗaya, kifi kuma ya fi jure ruwan da bai yi daidai ba a kan ruwan da ke canzawa kwatsam. Abin da ya yi mini shi ne dakakken ɓawon kawar teku da masu kaji ke sa wa abincin kajin ƙwai. Na ƙulla tafin hannu ɗaya a tsohuwar safa na jefa a bayan soso, yana narkewa a hankali.

Sabon tanki ba ya ɗaukar kifi da yawa, ko da ruwan ya yi garau. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda ke ƙone musu inda suke numfashi. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a jikin soso su mayar da ita wani abu mai sauƙin illa, amma kafin su yi yawa ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Hanyar gajarta wannan jira ita ce roƙo: na sa mai shagon ya matse mini tsohon sosonsa a leda, ruwa baƙi ƙirin, na juye a nawa. Gwaggo ta dube ni ta dubi ledar, ba ta ce komai ba.

Ranar ɗaukar kifin mai shagon ya koya mini bambance su. Namiji ƙarami ne, shi ke da kwalliya, kuma fiffiken da ke ƙarƙashin cikinsa ya naɗe ya zama siriri mai tsini, da shi yake barbara. Na mace a buɗe yake, ga ta da girma, kalarta a dushe, da baƙin tabo a ƙarshen ciki.

"Hajiya, namiji ɗaya, mata uku," in ji shi. "In maza suka yi yawa ba za su bar su su huta ba, har su rame."

Na ce, "To Malam, ai bai ma cike huɗun ba."

Ya yi dariya ya ce, "Kuma ki sani duk ukun nan da cikinsu za ki tafi da su."

Haka ne kuwa. Duk macen da ta zauna da maza a tankin shago to ta ɗauka. Abin da ya fi wannan ban mamaki, tana ajiye maniyyi a jikinta, ta haihu, ta sake ɗaukar wani cikin, wata bayan wata, ba tare da ta sake ganin namiji ba. Na san wata da ta saya mata zalla don ba ta son yawa, bayan wata uku ta kira ni tana tambaya ko aljanu ne.

Cikin gofi yana ɗaukar kwana 21 zuwa 30, gwargwadon ɗumin ruwa. Na moli da mai takobi yakan ɗan zarce. Idan haihuwa ta matso, cikin yana daina zama zagaye, ƙasansa ya miƙe, bayansa ya yi kusurwa. Tabon ya ƙara baƙi, a jikin masu haske ma har kana hango idanun 'ya'yan ta cikin fata. Sai ta ƙaurace wa sauran, ta maƙale a lungu, ta ƙi abinci, ta kori duk namijin da ya matso. Nawa yawanci da asuba suke sauka. Ɗan yana faɗowa a naɗe, ya yi ƙasa kaɗan, ya warware, ya ruga neman maɓoya. Tsawonsa bai wuce milimita 6 ko 7 ba, rabinsa ido ne. Tana iya jefo biyu a jere, ta huta minti goma, ta ci gaba, har a kwashe awanni. Mai haihuwar fari takan kawo goma ko ƙasa da haka. Babbar mace takan kawo talatin, arba'in, wani lokaci fiye.

Kuma tana juyowa ta haɗiye su. Ba ita kaɗai ba, uban da kishiyoyin duk suna cikin farautar. Gwaggo tana tsaye a kaina ranar da ta fara gani, ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Uwa ta ci ɗanta? Wannan wace irin halitta kika kawo mana gida?" Na ce mata ai ba ta san nata ba ne, duk abin da ke motsi ya kuma shiga baki abinci ne a wurinta. Ba ta gamsu ba, har yau ba ta shiri da wannan macen.

A shago suna sayar da wani ɗan akwatin roba mai tsaga a ƙasa, a sa mai ciki a ciki, 'ya'yan su zurara ƙasa inda ba za ta kai su ba. Ni ban ga alherinsa ba. Wurin ya yi ƙunci, macen tana firgita, kuma mai ciki in ta firgita takan zubar da 'ya'yan da ba su isa ba, su fito da ƙullin gwaiduwa a ciki su mutu. Abin da na zauna a kai shi ne baho da kainuwa. In na ga alamun sun nuna, sai in ɗebi ruwan tankin nata in zuba a bahon roba mai faɗi, in rufe saman da kainuwa, in ɗauko ta da kofi, ba da raga ba, in sake ta a ciki. Saiwar kainuwa dogaye ne masu gashi, jarirai na shigewa ciki su ɓace, ga ƙananan halittun da ke maƙale a jiki suna tsattsaga. Da cikin ya saɓe in mayar da ita, bahon ya zama nasu.

Kainuwar kududdufi dai ba a jefa ta kai tsaye. Tana zuwa da dodon koɗi da matsattsaku, da kuma tsutsar mazari, wannan ƙwaron mai dogayen fukafukai da ke shawagi a bakin ruwa. Tsutsa ɗaya tana iya cinye baho guda a hankali ba ka san inda suke tafiya ba. Nakan wanke ta sosai in ajiye a bokiti dabam na mako biyu ina duba saiwar. Tana kuma son haske, don haka bahon yana kusa da taga amma ba inda rana ke dukansa ba.

Abinci shi ne inda ake gane wanda zai yi girma da wanda zai tsumbure. Sa'ar da aka yi, ɗan gofi yana fara ci tun ranar da aka haife shi, kuma bakinsa ya isa ya ɗauki garin abincin manya in an murje shi da yatsu ya yi laushi. Da wannan kaɗai za su rayu, amma a sannu za su girma. Gwaiduwar dafaffen ƙwai tana gina su, sai dai tana ɓata ruwa cikin awanni. Abin da zai tsaya a bakin tsinken sakace ya ishi baho. Abin da ya canza mini kiwon gaba ɗaya shi ne atimiya, wadda masu ƙyanƙyasar tarwada ke ba 'ya'yan kifinsu a kwanakin farko. Ƙwan wani ɗan jatan lande ne na ruwan gishiri, busasshe a gwangwani, da tsadar gaske, don haka cokali-cokali nake karɓa wurin Yaya. Da na fara tambaya ya ce, "Ke yanzu kifin da ba a ci za ki ba atimiya?" Amma ya ba ni, ya kuma nuna mini yadda ake yi.

Ana yanke gindin gorar ruwa a kifa ta, bakin yana ƙasa. A zuba ruwa lita ɗaya, gishiri babban cokali biyu a shafe, ƙwan rabin ƙaramin cokali, a saka tiyon iska har ƙasa yana juya su. Cikin awa 24 zuwa 36 sun fashe, in da ɗumi. Sai a cire iskar, a haska tocila a ƙasan gorar, a jira minti biyar: ɓawon ya taso sama, masu ran su taru wajen haske, ja-ja suna motsi. A zuƙo su da siririn tiyo, a tace a hankici, a ɗauraye gishirin, a zuba wa jarirai. Cikin minti kaɗan za ka ga cikin kowane ya kumbura ya koma ruwan goro. Mako biyu na farko nake ba su wannan, daga nan in koma garin abincin 'ya'yan tarwada mai lamba 0.2, in haɗa da na kanti. Ga moli ina ƙara dafaffen ganyen alayyahu ko zogale kaɗan, don shi mai son ganye ne, yini yake yana kankare gansakuka a jikin gilashi.

Cikinsu ƙarami ne, ba sa ɗaukar da yawa a lokaci guda, saboda haka kaɗan-kaɗan ake ba su sau huɗu ko biyar a yini. Ni da lokutan salla na ɗaure abin, in na idar in leƙa baho. Ta haka ba na mantawa, ba na kuma ninkawa. Yawan ci kuwa yana jawo yawan datti. Duk bayan kwana biyu nakan zuƙe ƙasan bahon da tiyon iska, in cire kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, in mayar da wanda ya kwana a ɗaki ɗaya da su don zafin ya zo ɗaya. A farin bokiti nake zuƙewa, domin kusan kullum sai an samu mai karambanin da ya bi tiyo, kuma a farin ne kawai za a gan shi kafin a watsar. Soson kuma a cikin wannan tsohon ruwan ake matse shi, ba a ƙarƙashin famfo ba, kada kulorin ya kashe bakteriyar da aka sha wahalar tarawa.

Da damina duk wannan yana tafiya lami lafiya. Ruwan ɗaki yana zama tsakanin digiri 24 da 28, wanda shi ne daidai abin da suke so, ba hita ba komai. Daga ƙarshen Nuwamba labari ke canzawa. A Disamba da Janairu, ma'aunin zafin da na liƙa a baho yakan nuna ƙasa da 20 da asuba, da rana kuma ya haura. Sanyin kansa yana rage musu ci, ya jinkirta haihuwa, ya tsayar da girman jarirai, amma hawa da saukar ne ke kwantar da su. Moli ne ke fara nunawa: ya tsaya wuri ɗaya yana karkaɗa jiki ba ya gaba ba ya baya, fikafikai a tsuke. Bayan kwana kaɗan sai farin ƙurji ya bayyana a jiki da wutsiya, kamar an barbaɗa musu gishiri, suna goga jiki a duwatsu.

Hita mai wat 50 ta ishi tanki irin nawa, in akwai wuta. Da yake ba kullum ake da ita ba, sai na koma dabarun riƙe ɗumi. Na samo farin kwalin da ke zuwa da sabon firiji na kewaye tankin ta baya da gefe da ƙasa, na ɗaga bahuna daga kan siminti na ɗora a katako, da magariba in rufe su da murfi in lulluɓa bargo. Daren da sanyi ya tsananta kuma babu wuta, nakan cika gora da ruwan zafi in toshe in sa ta yi iyo a ciki, in sake wata kafin asuba. Ba a zuba ruwan zafi kai tsaye. Murfin yana kuma tare ƙurar hunturu, wadda ke yin yaɓi a saman ruwa, yana rage ƙafewa, yana hana mai takobi tsalle waje, don shi gwanin tsalle ne.

Shi farin ƙurjin wata ƙwayar cuta ce da ke shiga ƙarƙashin fata, inda magani ba ya kai mata. Sai ta ƙoshi ta faɗo ƙasa, ta hayayyafa, 'ya'yanta su fito neman sabon kifi, a nan ne kawai ake iya kashe su. Shi ya sa ake ɗaga zafin ruwa a hankali zuwa 29 ko 30 don zagayen ya yi sauri, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya a kowace lita huɗu, a narkar da shi tukuna, a kuma ci gaba har mako guda bayan ƙurjin ya ɓace. Mutane da yawa suna tsayawa ranar da suka ga jiki ya washe, cutar ta dawo musu. Kainuwa ba ta shiri da gishiri, sai a kwashe ta kafin a fara.

Bazara kuma nata salon dabam. A Maris da Afrilu ruwa yakan haura 30, kuma ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai, sai ka ga duk sun taru a sama suna haki. Nan ƙaramin injin iska mai caji ya biya kuɗinsa. In ya mutu, ɗibar ruwan da kofi a tsiyayo shi daga sama yana taimakawa.

Wajen mako huɗu jinsi ke fara bayyana, kuma wannan ne lokacin raba su. Nakan sa ɗaya-ɗaya a kofin gilashi in ɗaga wajen taga: mai ɗigon baƙi a ciki mace, wanda fiffikensa ya fara tsini namiji. Aiki ne mai cin ido, kuma sai an maimaita duk mako don wasu mazan suna makara. Dalilin wahalar shi ne 'yar wata biyu tana iya ɗaukar ciki, kuma wanda zai riga kowa kai mata shi ne ɗan'uwanta mafi ƙanƙanta da saurin balaga, ba mai kyan wutsiyar da kake so ba. In aka bar su haka zuriya biyu ko uku, kala ta dushe, jiki ya ƙanƙance, masu karkataccen baya su yawaita. Nakan ware mata mafi girma da ba su taɓa haɗuwa da namiji ba, in haɗa su da wanda na zaɓa, lokaci-lokaci kuma in sayo sabon namiji daga wani shago dabam. Filati da mai takobi suna barbarar juna, don haka mai son tsantsar iri kada ya haɗa su.

Sai lissafi. Mata uku, kowace talatin a wata, casa'in ke nan, kafin 'ya'yan su ma su fara nasu. Baho ɗaya ya zama huɗu, maigida ya fara tambaya ko za a bar masa hanyar wucewa a baranda. Kuma cunkoso yana tsumburar da su ko da abinci ya wadata. A wata na uku zuwa na huɗu maza sun fitar da kala, sun isa sayarwa. Masu shago suna karɓa a sari, da arha ƙwarai. Ribar tana wajen masu saye ɗaya-ɗaya da ke gani a WhatsApp, iyaye masu saya wa yara da masu ofis. Kuɗin yana biyan abinci da atimiya har a samu na cefane, amma duk wanda ya ce miki za ki gina gida da gofi, to yana da gofin sayarwa ne. In za su yi tafiya, ina hana su abinci yini guda don kada su ɓata ruwan leda, in zuba ruwa kashi ɗaya iska kashi biyu, in ninka ledar in sa a kwali. A haka suna kaiwa Zariya ko Kano daga tashar Kawo lafiya lau. Mai karɓa ya sa ledar ta yi iyo a tankinsa minti ashirin kafin ya kwance.

Duk da haka ana samun ragowa: mata marasa kala da ba mai so, da masu lanƙwasasshen baya. Wani maƙwabcinmu mai buga bulo ya karɓi wasu ya zuba a tankin simintinsa, suna cinye masa tsutsar sauro, kuma wannan ya yi, tun da ruwan ba ya fita ko'ina. Wata kuma ta ba ni shawara in juye sauran a kwata su ma su ci sauro. Na ƙi. Kwatar unguwarmu da ruwan sama ɗaya take kaiwa rafi, rafin kuma Kogin Kaduna ya nufa, kuma kifin da mace ɗaya tak ke iya kafa zuriya ba a sake shi inda ba a iya kamo shi. Magudanan ruwan Legas cike suke da gofi yanzu, kuma a ƙasashe da dama da aka sake shi don sauro ya takura wa ƙananan kifayen gida. Ragowar nawa Yaya ke aiko yaronsa ya ɗauka a bokiti duk ƙarshen wata, tarwadarsa ta cinye.